Karatun makamashi mai sabuntawa da lissafin tsarin wuta: bayani ga ɗalibin Adar

Wannan bayani naka ne idan ka gama digirin farko, wanda ake kira lisansi a Nijar, a fannin lissafi, ko kimiyyar fiziks, ko injiniyancin lantarki, ko tattalin arziki, kana kuma tunanin ci gaba da karatu kan yadda za a kai wuta ga mutanen da ba su da ita. Zai kuma amfani iyaye da malamai da wakilan ƙaramar hukuma waɗanda ɗalibi kan nemi shawararsu. Za ka ga abin da karatun ya ƙunsa, da wuraren da ake yin sa, da dalilin da ya sa ɗan Tawa ko ƴar Keita ke riƙe da wani sani wanda wannan fanni ke matuƙar buƙata.

Mene ne wannan karatu

Makamashi mai sabuntawa shi ne ƙarfin da ake samu daga abin da ba ya ƙarewa, kamar hasken rana da iska da gudun ruwa. A ƙasarmu rana ce babba: kowane murabba'in mita na samun kilowat-awa 5 zuwa 7 na hasken rana a yini. Karatun digiri na biyu a wannan fanni, wato mastar, shekara biyu ne bayan lisansi, kuma yana da rassa biyu waɗanda mutane kan haɗa su wuri guda.

Reshe na farko na kayan aiki ne: farantan rana, da batura, da na'urar da ke juya wutar batir zuwa wutar gida, da wayoyi. Reshe na biyu, wanda wannan bayani ya fi tsayawa a kansa, shi ne lissafin tsari. Ana gina samfurin lissafi a kwamfuta wanda ke kwaikwayon gari ko jaha ko ƙasa baki ɗaya, da mutanenta da buƙatunsu da tashoshinta, sannan a tambaye shi: da wannan kuɗin da ke hannu, wace hanya ce ta fi sauƙi a kai wuta ga kowa nan da shekara goma ko ashirin? Amsar ba ta tsayawa a kan takarda. Da irinta ake yanke cewa wannan gari za a ja masa layi daga babbar tasha, wancan a gina masa ƙaramar tashar rana tasa, na uku kuwa kowane gida ya sayi farantinsa, na huɗu ya jira.

Halin wuta a jahar Tawa

A ƙidayar 2012 jahar Tawa na da mutum fiye da miliyan 3.3, a faɗin ƙasa da ya haura murabba'in kilomita 100,000. Alƙaluman Bankin Duniya na farkon shekarun 2020 sun nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuwa bai kai ɗaya cikin goma ba. A 2018 gwamnati ta amince da tsarin da ke da burin kai wuta ga kashi 80 cikin ɗari na jama'a kafin 2035, a ƙarshen 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da shirin da aka raɗa wa suna Haske domin taimaka wa wannan buri.

Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, ba layi ɗaya yake da shi da ya game ƙasa ba. Yankin kogi, inda Yamai take, ya dogara da layin Birnin Kebbi tun 1976. Tawa da Maraɗi da Damagaram suna yanki guda wanda ake ciyarwa ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Agadas da Arlit sun dogara da tashar kwal ta SONICHAR. Sauran garuruwan da ke nesa da layi kuwa injinan gazuwal ne ke ba su wuta, galibi na ƴan sa'o'i. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar ke amfani da ita daga Nijeriya take zuwa. Da aka katse ta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kowa ya ga ma'anar wannan adadi a gidansa, har aka maido da ita a watan Maris na 2024.

A wannan jaha ne aka buɗe babbar tashar hasken rana ta farko a ƙasar, a Malbaza, cikin Nuwamba 2018, mai ƙarfin megawat 7. Ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ta biyo baya a 2023. A arewa maso yammacin birnin Tawa kuma akwai kwal ɗin Salkadamna, wanda aka daɗe ana maganar gina masa tasha. Kenan rana da kwal da layin Nijeriya da injin gazuwal duk suna cikin jaha guda, kowanne da tsadarsa da haɗarinsa. Auna su da juna shi ne aikin mai lissafin tsari.

Yadda lissafin yake tafiya

Bari mu ɗauki misali na ƙage domin ka ga hanyar. A ce gari ne mai gida 200 a kwarin Keita. Kowane gida na son kwan fitila uku masu wat 5, su yi sa'a biyar, da cajin salula biyu. Wannan ya kama kusan wat-awa 100 a yini, wato kilowat-awa 20 ga garin duka. Yanzu ka ƙara injin niƙa guda ɗaya mai kilowat 7.5 wanda ke aiki sa'a huɗu. Shi kaɗai yana cin kilowat-awa 30. Injin niƙa ɗaya ya fi fitilun gari gaba ɗaya ci. Jimla ta zama 50. A yanayinmu farantan kilowat ɗaya kan ba da kilowat-awa 4 zuwa 5 a yini bayan an cire asara, saboda haka garin na buƙatar farantai na kilowat 11 ko 12.

Har nan lissafin ɗan makarantar sakandare ne. Wahalar tana cikin lokaci. Idan injin ya yi aiki da tsakar rana, kai tsaye yake shan wutar faranti. Idan kuwa mata sun saba kai niƙa da sassafe da kuma bayan la'asar, to dole a adana wutar a batir, batir kuma yana cikin kayan da suka fi tsada a tashar, shi ne kuma yake fara mutuwa. Sa'ar da ake niƙa na iya sauya kuɗin tashar sosai, ta sauya abin da kowane gida zai biya a wata. Shi ya sa manhajojin wannan aiki ke lissafa shekara sa'a bayan sa'a, sa'o'i 8,760, suna gwada girman faranti da batir da inji iri-iri har su sami haɗin da ya fi araha.

Sai zafi. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, faranti na rasa kimanin kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. A watan Afrilu a Tawa jikin faranti na iya kaiwa digiri 65, wato asarar kusan kashi 16 cikin ɗari, daidai lokacin da kowa ke neman fanka da ruwan sanyi. Batirin dalma kuwa, ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransa biyu. Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon, idan babu wanda aka ɗora wa wanke farantai, da ruwan da zai wanke su.

Sannan akwai kuɗin ruwa, wanda ɗalibin kimiyya kan raina. Tashar rana kusan duk kuɗinta a ranar farko ake biyan sa, injin gazuwal kuwa yana da arha wurin saye, yana da tsada wurin ciyarwa. Idan bashin da za a gina tashar da shi mai sauƙi ne, rana ce ke cin gasa. Idan bashin ya yi nauyi, lissafi ɗaya da alƙaluma ɗaya na iya komawa bayan inji. Farashin farantai ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, wannan ne ya sa tsofaffin rahotanni da yawa ba su da amfani yanzu sai don tarihi.

Manhajojin da za ka ji sunansu kaɗan ne. HOMER, wadda aka fara a wata cibiyar binciken gwamnatin Amurka a 1993, ta ƙaramar tashar gari ce. LEAP ta cibiyar muhalli ta Stockholm tana duba buƙatar ƙasa baki ɗaya, har da itacen girki. MESSAGE da OSeMOSYS suna zaɓen tashoshin da ƙasa za ta gina cikin shekaru masu yawa. OnSSET, daga jami'ar KTH ta Suwidin, tana aiki da taswira: tana raba ƙasa gari-gari, ta duba nisan kowanne daga layi da yawan mutanensa, ta ce wannan layi, wancan ƙaramar tasha. OSeMOSYS da OnSSET kyauta ne, kowa na iya saukar da su ya duba cikinsu.

Abin da kwamfuta ba ta sani ba game da Adar

Bayanin hasken rana ba shi da wuyar samu. Taswirar Global Solar Atlas da rumbunan PVGIS da NASA POWER suna ba da shi kyauta ga kowane tudu da kwari. Abin da babu shi a rumbun kowa shi ne buƙatar mutane, kuma a nan ne yawancin kurakurai suke.

Tauraron ɗan'adam yana ƙirga rufin ɗakuna, amma bai san cewa bayan girbi mazajen garuruwa da yawa na Adar sukan tafi cin rani Abijan ko Nijeriya ko Libiya ba, sai damina ta kusa su dawo. Garin da aka lissafa da mutum dubu biyu yana iya zama na mata da yara da tsofaffi rabin shekara. A gefe guda kuma kuɗin da ƴan cin rani ke aikowa na iya sa gidan da ake gani talaka ya biya kuɗin wuta ba fashi. Tauraron bai san ranar kasuwa ba, ranar da mai walda da mai ƙanƙara da mai caji ke cin wutar mako guda. Bai san cewa a Galmi da Tabalak da fadamun Keita babbar buƙata ta rani ce, lokacin ban ruwan albasa da injinan esansi, buƙatar da kuma ta dace da rana ƙwarai domin da hantsi ake yin ta. Daga Abalak zuwa Cintabaradan kuwa tambayar ta sauya gaba ɗaya. Makiyayi ba ya zaune wuri guda da za a ja masa waya. Wutar da ta fi masa amfani ita ce wadda ke ɗago ruwa daga rijiyar burtsatse mai zurfin ɗaruruwan mitoci, da firjin allurar rigakafi a asibitin gari, da ƙaramar fitila da zai ɗora a kan jaki.

Manhajar da ba a ba ta wannan bayani ba za ta cike gurbin da alƙaluman wata ƙasa, ta fitar da amsa mai kyan gani da launuka. Idan an zuzuta buƙata, a gina tasha babba wadda kuɗin da ake tarawa ba ya isa sauya baturanta, bayan ƴan shekaru ta mutu. Idan an rage ta, wuta ta riƙa ɗaukewa da magariba, mutane su daina biya, ta mutu ta wata hanyar. A ganina wannan ne babban dalilin da zai sa ɗan yankin ya shiga fannin. Baƙon masani na iya fin ka sanin manhaja, amma ba zai zauna da matan gari ya ji lokacin niƙansu da Hausa ko Tamajak ba.

Kada kuma ka manta da murhu. Mafi yawan makamashin da gidajen Nijar ke ƙonawa itace ne, ba lantarki ba. Mutanen Keita, waɗanda suka yi aikin farfaɗo da ƙasa da dashen itatuwa tun 1984, sun san kuɗin itace. Binciken da ya auna itace da iskar gas ta matatar SORAZ da gawayin kwal a girkin gidajen Tawa yana cikin wannan fanni sosai, kuma masu yin sa ba su da yawa.

Inda ake karatun

Fannin ba baƙo ba ne a Nijar. Abdu Mumuni Diyofo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fiziks ne wanda ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da rana a Yamai. Ya riƙe shugabancin jami'ar Yamai, ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Mu ma'aikatan yaƙi da jahilci mun fi saninsa da littafinsa na 1964, L'Éducation en Afrique, inda ya nemi a koyar da yara da harsunansu. Ofishin nasa shi ne ya zama CNES, daga baya ANERSOL.

A jami'ar Abdu Mumuni ne cibiyar WASCAL, wadda Jamus ke ɗaukar nauyinta, ta buɗe karatun mastar kan sauyin yanayi da makamashi a 2013, ga ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma, daga baya aka ɗaga shi zuwa matakin dakta. A 2021 WASCAL ta ƙara wani mastar kan makamashi da iskar haidurojin, wanda jami'o'in Yamai da Abijan da Lome da Dakar suka raba tsakaninsu tare da cibiyoyin Jamus na Jülich da Aachen. Da Ingilishi aka tsara koyarwar. A Yamai ɗin akwai kuma makarantar injiniyoyi ta EMIG. Jami'ar Dan Dikko Dankulodo ta Maraɗi da jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, suna da sassan kimiyya da fasaha inda ake samun tushen karatun.

Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, take kuma ɗauke da sunan masanin tarihin Adar Djibo Hamani, ta fi ƙarfi a shari'a da tattalin arziki da gudanarwa. Kada ka ɗauka wannan ya rufe maka ƙofa. Rabin lissafin tsari tattalin arziki ne: farashi, da bashi, da abin da gida zai iya biya, da dokar da za ta bar ɗan kasuwa ya sayar da wuta a ƙauye. Ɗalibin tattalin arziki mai ƙarfi a ƙididdiga yana da wurinsa.

A waje, makarantar 2iE ta Wagadugu tana horar da injiniyoyin lantarki da makamashi da Faransanci, sai dai kuɗinta na da nauyi in babu tallafi. Cibiyar PAUWES ta Tarayyar Afirka da ke Tilimsan a Aljeriya, wadda ta fara a 2014, tana da mastar a injiniyancin makamashi da kuma a manufofin makamashi. Mafi kusa da kai kuwa, bayan Ƙonni da Illela, ita ce cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wadda aka kafa a 1982, a ƙasa mai zafi da ƙura irin taka. Akwai kuma gajerun kwasa-kwasai na ƴan makonni kan OSeMOSYS da OnSSET, kamar na cibiyar ICTP a Tiriyasta ta Italiya, da taron horarwa na Afirka da aka fara a Addis Ababa a 2018. Waɗannan ƙari ne a kan digiri, ba madadinsa ba.

Abin lura: Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a watan Janairu na 2025, dangantakarta da wasu masu ba da tallafi ma ta sauya tun 2023. Saboda haka ka karanta sanarwar shekarar da kake nema da kanka, ka tabbatar ɗan Nijar na cikin waɗanda aka gayyata, kada ka dogara da labarin wanda ya nema a baya. Don tallafin gwamnati kuma, hukumar ANAB ce ke da ta cewa.

Shirin da za ka yi tun kana gida

Abu uku ke kayar da masu nema daga yankinmu, kuma dukkansu ana iya gyara su a Tawa. Na farko Ingilishi, domin littattafan jagora na manhajojin da yawancin bincike da shi aka rubuta su. Na biyu lissafi, musamman aljabara da ƙididdiga, da sanin Excel sosai, da ɗan abin da ya samu na Python da QGIS, waɗanda kyauta ne. Na uku, wanda ya fi su nauyi, shi ne zuwa ba tare da tambaya ba. Masu tantancewa sun gaji da takardun da ke cewa rana ta yi yawa a Afirka. Wanda ya zo da littafin da ya rubuta sa'o'in aikin injinan niƙa na garinsu, da litar esansin da manomin albasa ke ƙonawa a mako, da abin da gida ke kashewa kan batirin tocila da cajin salula, ya riga ya fara bincikensa. Ka nemi izinin maigari kafin ka fara tambaya, ka gaya wa mutane a fili cewa karatu kake yi, domin kada su ɗauka wuta ce ke tafe.

Kafin ka karɓi gurbi, ka tambayi makarantar ko ɗalibai na taɓa kayan aiki da hannu, ko za a bar ka ka yi binciken ƙarshe a kan garin Nijar, da kuma inda waɗanda suka gama suke aiki. Takardar da gwamnati ba ta amince da ita ba za ta ba ka wahala ranar neman aiki, saboda haka ka bincika wannan tun kafin ka biya ko dala. Masu ɗaukar irin wannan ma'aikaci su ne NIGELEC, da ANPER mai kula da wutar karkara tun 2013, da ANERSOL, da hukumar daidaita harkar makamashi ARSE, da ma'aikatar makamashi, da kamfanonin da ke kafa famfunan rana, da ƙananan hukumomi masu tsara shirin raya ƙasarsu. Duk inda ka sauka a cikinsu, za a wayi gari an tura ka gaban kwamitin gari ka bayyana dalilin da ya sa kuɗin wata ya kama jika biyu ba ɗaya ba, da dalilin da ya sa ake roƙon mai inji ya maido da niƙa tsakar rana. Ka fara tanadin kalmomin da za ka faɗi kilowat-awa da su da Hausa tun kana aji.